Ɓera a gidan haya a ƙasar Gobir: Abubuwan da ya kamata ka sani

Shekarun baya, in aka ce ɗan haya a Gangara ko Gatawa ko Kurawa, to malamin makaranta ake nufi wanda aka turo daga Sakkwato, ko malamin asibiti, ko ɗan sanda. Ɗan gari yana gidan ubansa, hatsinsa yana cikin rumbu ko rufewa, an ɗora a kan duwatsu nesa da ɗakin kwana. Hare-haren 'yan bindiga suka wargaza wannan zama. A shekarar 2020 an kai hari Gangara, a watan Mayu kuma aka afka wa Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da wasu ƙauyukan Sabon Birni, inda rahotanni suka ce an kashe mutum sama da 70. Tun kafin nan mutane ke tashi, kuma ba a daina ba: wasu cikin garin Sabon Birni, wasu Isa, wasu Sakkwato, wasu su tsallaka Gidan Rumji da Maraɗi. Manomin da bai taɓa biyan kuɗin ɗaki ba ya wayi gari ɗan haya.

Ɗan abin da ya samu ya girbe kuwa ba zai bar shi a ƙauye a ƙone ko a kwashe ba. Buhun gero da na wake suna ɗaki ɗaya da katifa da tukunyar tuwo da yara. Inda hatsi ya sauka, nan ɓera zai sauka. Daga nan sai cacar baki: ɗan haya ya ce gidan ne ruɓaɓɓe, mai gida ya ce ƙazantar 'yan haya ce. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Rabon alhakin a fili yake: kafar da ɓera ke shigowa ta mai gida ce, abin da ke kiransa na ɗan haya ne. Wuyar tana wajen sa kowa ya ɗauki nasa, a garin da ɗakuna suka yi kaɗan, masu nema suka yi yawa.

## Wane iri ne ya shigo maka?

Abin da mutanen Gobir ke haɗawa su kira kusu iri-iri ne, kuma gyaran da za ka nema a wurin mai gida ya danganta da wanda kake fama da shi.

Wanda ya fi zama ɗan gida a wannan yanki na Afirka shi ne ɓera mai nonuwa da yawa, wanda masana ke kira Mastomys natalensis. Macen tana iya kai nono 24, cikinta bai fi mako uku da 'yan kwanaki ba, kuma haihuwa ɗaya takan zubo 'ya'ya goma ko fiye. Rami yake haƙawa a gindin bangon ƙasa da ƙarƙashin daɓe, yana kai da kawo tsakanin gona da gida. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan ɓerayen birnin Yamai ya nuna shi ne ya mamaye unguwannin zaman jama'a, baƙin ɓera da ƙaramin ɓeran gida kuma sun fi taruwa a kasuwanni da wuraren masana'antu. A ƙauyukan ƙasar Gini an gano ya fi yawa cikin ɗakuna da rani. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga manomi: an yi kaka, gona ta zama fili, an ƙone daji, abinci duk ya koma gida.

Baƙin ɓera mai wutsiyar da ta fi jikinsa tsawo, shi mahayi ne. Shi kake ji yana tsere a cikin silin ko tsakanin azara da dare, kuma motocin kaya ne ke yawo da shi daga kasuwa zuwa kasuwa. Gafiya ba ta ɓuya: raminta babba ne, yawanci daga wajen masai ko rariya take huda bango. Jaɓa kuwa, mai dogon baki da wari, ƙwari take ci. Mutane suna kashe ta da haushin ɓera alhali ba ita ke fasa buhu ba.

Rami a ƙasa yana nufin aikin magini a gindin bango da daɓe. Motsi a sama yana nufin aikin kafinta a inda kwano ya haɗu da bango.

## Ɓarnar ta wuce ta buhu

Kowa ya san asarar hatsi, da tufafin da aka yayyaga, da wayar lantarki ko ta sola da aka gwaigwaye. Haƙoran gaban ɓera ba sa daina tsiro, shi ya sa yake gurzar abin da ba zai ci ba. An kuma san maciji yana bin ramin ɓera ya shigo ɗaki, an san cizon da yake yi wa yara a yatsu suna barci, musamman in an kwanta ba a wanke hannu ba.

Babban abin tsoro shi ne zazzaɓin Lassa. An fara gane cutar a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, bayan ta kashe ma'aikatan jinya 'yan mishan, kuma a farkon shekarun 1970 aka tabbatar a Saliyo cewa wancan ɓera mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da ƙwayar. Shi ba ta yi masa komai, sai dai ya riƙa zubar da ita a fitsari da kashi, a kan garin tuwo, da kwanon da aka bari a buɗe, da shanyar da aka baza a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum huɗu cikin biyar da suka kamu ba sa jin komai ko kuma ciwon ya zo da sauƙi. Na biyar ɗin ne ke shiga haɗari. Cikin waɗanda suka kwanta asibiti da tsanani, kusan 15 cikin 100 kan rasu, cikin waɗanda suka tashi kuma akwai masu rasa ji. Mai ciki a watannin ƙarshe ta fi kowa shiga haɗari.

Gaskiya ne jihohin Ondo da Edo da Bauci da Taraba ne ke da kaso mafi girma na masu cutar a Najeriya, kuma ba kowane ɓera ke ɗauke da ita ba. Amma arewa maso yamma ba ta tsira ba: a watan Janairun 2020 cutar ta kashe likitoci biyu a Kano bayan sun yi wa wata mai ciki aiki. Lokacin da ta fi tashi, daga Disamba zuwa wajen Afrilu, shi ne daidai lokacin da buhuna suka cika ɗakunan haya.

## Na mai gida da na ɗan haya

Duk abin da ya shafi jikin gini na mai gida ne: tsagar bango, gindin da ruwa ya zaizaye, daɓen da ya farfashe, ƙofar da ƙasanta ya ruɓe, tagar da ba raga, rariyar da aka bari hangame, murfin masai. Haka wuraren da kowa ke amfani da su amma ba na kowa ba ne, irin su zaure da tsakar gida da bayan ɗakuna.

Akwai abu biyu da masu gida ba sa son a ambata. Na farko, kangon ɗaki da ya rushe aka bar shi cikin gidan, ya cika da tarkace. Na biyu, ɗakin da mai gida ya kulle ya tara nasa buhunan yana jiran farashi ya hau. A garuruwan da ake cinikin hatsi wannan ba baƙon abu ba ne. In haka ne, ko 'yan haya sun lashe ɗakunansu da harshe ɓera ba zai ƙare ba, domin gidan ne ke kiwonsa.

Na ɗan haya shi ne abin da ya shigo da shi da yadda yake zaune: buhun da ya jingina da bango, sauran tuwo da kwanukan da suka kwana ba wanki, dusa da harawar akuya a bakin ƙofa, shara, tulin tsummoki a ƙarƙashin gado. Akwai kuma haƙƙin faɗa da wuri. Wanda ya ga rami tun kaka ya yi shiru sai damina ta kayar da bango, shi ma yana da hannu a ɓarnar.

Lokaci yana raba gardama. In ranar da ka zo duba ɗaki ka tarar da ramuka da kashin ɓera a kusurwa, matsalar ta riga ka zuwa. Ka nuna wa dillali a tsaye, ka ɗauki hoto da waya in kana da ita, kafin kuɗi su bar hannunka. Bayan ka biya, bakinka ya rage nauyi.

## Abin da fiƙihun Malikiyya ya tanada

Jihar Sakkwato ta faɗaɗa aiki da Shari'a a shekarar 2000, kuma rigimar haya tsakanin Musulmi biyu a Sabon Birni ko Isa tana iya ƙarewa gaban alƙali, wanda zai duba littattafan Malikiyya. Abin da ke cikinsu yakan ba 'yan haya mamaki.

A Muhtasar na Shaihu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, hukuncin da aka tafi a kai shi ne ba a tilasta wa mai gida ya yi gyara. Abin da aka ba ɗan haya shi ne zaɓi. In aibin gidan mai cutarwa ne, kamar rufin da ke yoyo, yana da damar warware hayar ya tashi, ya biya na kwanakin da ya zauna kawai. In ya zaɓi ya ci gaba da zama a haka, cikakken kuɗi zai biya. In kuwa mai gida ya gyara kafin ɗan haya ya fita, to hujjar tashi ta faɗi, sai ya cika wa'adinsa. Inda wani sashe na gidan ya rushe, kamar ɗaki guda cikin waɗanda aka kama, ana rage kuɗi gwargwadon abin da aka rasa. Akwai malaman mazhabar da suka ga a tilasta mai gida a kan ƙaramin gyara, amma kada ka shiga kotu kana jin wannan a aljihunka yake.

Sai wurin da mutane suka fi yin asara. Ɗan hayan da ya sayo siminti ya kira magini ba da izinin mai gida ba, ana ɗaukarsa wanda ya yi don ganin damarsa. Ba shi da ikon ya zare kuɗin daga haya da kansa. Amma littafin ya buɗe wata ƙofa mai faɗi: ya halatta a shardanta tun wajen ƙulla haya cewa za a yi gyara ko yaɓe daga cikin kuɗin hayar da suka wajaba. Wato abin da ba za ka samu da ƙarfin alƙali ba, kana iya samunsa da sharaɗi a ranar farko, gaban shaidu biyu.

Shin ɓera ya kai aibi mai cutarwa? Wannan alƙali ne zai auna, da yawan ɓarnar da kuma inda ta samo asali. Sai dai malamai ba su raina ƙananan halittu a wannan babi ba. Ibn Asim na Andalus, mai Tuhfatul Hukkam da alƙalanmu ke ji da ita, ya lissafa kuɗin cizo cikin aibobin da ake mayar da gidan da aka saya saboda su. Gidan da ɓera ya rarake gindinsa, yana zuba kashi a abincin yara, zai yi wuya a ce bai kai kuɗin cizo cutarwa ba.

A ganina wannan zaɓi na tashi ko zama an gina shi ne a kan garin da in ka bar wannan gida za ka samu wancan. Ga matar da ta baro ƙauye da marayu ta samu ɗaki ɗaya da ƙyar a Isa, a ce mata tana da damar tashi kusan ba'a ne. Mai gidan da ya ninka kuɗin haya saboda 'yan gudun hijira sun cika gari, sannan ya ce buhun siminti ɗaya ya fi ƙarfinsa, yana iya tsira a gaban alƙali. A gaban maƙwabta da limamin unguwa bai kamata ya tsira ba. Ko don kansa ma ya kamata ya gyara: ramin ɓera a gindin ginin ƙasa hanyar ruwa ce, kuma ruwan Agusta ba ya tambayar wa ke da laifi.

## Dokar ƙasa fa?

A Najeriya kowace jiha ke da dokar hayarta, kuma mafi yawansu sun fi damuwa da yadda ake fitar da ɗan haya fiye da lafiyar ɗakin. Tushen da aka gada daga Ingila ma bai ɗora wa mai gida lamunin cewa gidan da ya bayar ba kaya ciki ya dace da zama ba, sai in an rubuta. An yi togiya ga gidan da aka bayar da kayan ɗaki: a shari'ar Smith da Marrable ta 1843, kotu ta yarda wani iyali su bar gidan da suka kama a Biraitin saboda kuɗin cizo. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta fito fili ta ce gyaran wajen gini da wuraren tarayya na mai gida ne, kula da cikin ɗaki na ɗan haya, amma wannan doka a Legas ta tsaya. Wanda ya tsallaka Maraɗi zai tarar da tsarin da Nijar ta gada daga Faransa, wanda ya wajabta wa mai gida ya miƙa gida a gyare, ya kuma ci gaba da manyan gyare-gyare.

Abin da ke kare ka a nan shi ne wa'adi. A yawancin jihohi, in ba a yi wata yarjejeniya daban ba, mai biyan wata-wata yana da notis na wata ɗaya, mai biyan shekara yana da wata shida, bayan nan a ƙara kwana bakwai kafin a je kotu. Mai gida ba shi da ikon cire ƙofa, ko yaye kwano, ko watso kaya waje don ka yi ƙorafi. Kai kuma kada ka riƙe kuɗin haya da sunan fushi. Ranar da aka je gaban hukuma, maganar ɓera za ta koma gefe, maganar bashi ta hau tebur.

## Yadda za ka tunkari mai gida

Ka je da ƙafarka, da gaisuwa, da abu takamaimai. Cewa gidan nan duk ɓera ne ba ya sa kowa ya taɓa aljihu. Ka ce: "Alhaji, barka da hutawa. Gindin bangon ɗakina na gabas kusu ya huda shi wuri uku, ƙasan ƙofa kuma ya cinye. In ka amince in kira magini ya toshe, a cire daga kuɗin watan gobe. Na tambayo, ga abin da zai ci." Mai gida da yawa ba gyaran suke gudu ba, fitar da tsabar kuɗi suke gudu. In ya ce to, a faɗa gaban dillali ko wani dattijo, a rubuta ko da a bayan rasit ne, da boko ko da ajami. Saƙon murya a WhatsApp ma shaida ce.

In gidan na mutane da yawa ne, ku je tare. In an yi magana sau biyu ba motsi, sai mai unguwa, wanda ya san ku duka kuma yawanci a gabansa ake kashe irin wannan wuta. Bayansa akwai duba-gari na ƙaramar hukuma. Dokar lafiyar jama'a da jihohi suka gada tun zamanin Turawa ta ba su ikon shiga gida su duba, su ba da takardar gargaɗi da wa'adin kawar da abin da ke cutar da mutane, su kai wanda ya ƙi kotu. Ka dai sani duba-gari in ya shigo ba bangon mai gida kaɗai zai kalla ba, zai leƙa bayan ƙofarka. Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma wanda zai je ya fara tanadin inda zai koma.

Masu zaman aro a gidan dangi ko na wani bawan Allah, su ba su da maganar cire kuɗi. Izinin toshe rami dai za su nema, kuma da wuya a hana.

## Aikin kansa: me ake fara yi?

Yawancin mutane da guba suke farawa, nan ne kuma kuɗi ke tafiya a banza. An yi gwaji na shekara huɗu a ƙauyukan yankin Farana a Gini, aka wallafa a 2018: an sa guba a ɗakuna, ɓera ya ragu ƙwarai, bayan 'yan watanni ya dawo. Muddin akwai abinci da kafa, na maƙwabta da na gona za su cike gurbin waɗanda suka mutu.

A fara da abinci. Durom na ƙarfe mai murfi ya fi komai ga hatsi. Gari da shinkafa da ƙuli-ƙuli su shiga bokiti mai murfi ko tukunyar ƙarfe, randar ruwa a rufe ta. Buhun PICS mai ciki uku, wanda aka fara yaɗawa a Najeriya da Nijar tun 2007 don adana wake ba magani, yana tare ƙamshin da ke jan ɓera, amma haƙori yana huda shi, kuma in ya huje amfaninsa ya ƙare. Kowane irin buhu a ɗora shi kan katako ko bulo, a janye shi daga bango yadda tsintsiya za ta zagaya.

Sai kafofi. Ƙaramin ɓera yana kutsawa ta inda biro zai shige, don haka a bi ɗaki da tocila da rana a rufe ƙofa, duk inda haske ya ɓullo a yi masa alama. Tsumma da kwali da leda ba toshi ba ne. Siminti ake sawa, in ba hali a kwaɓa ƙasa da tsakuwa da fasasshiyar kwalba a danna sosai. Ƙasan ƙofa a buga masa fallen kwano, rariya da taga a sa ragar ƙarfe mai ƙananan ido.

Sannan tarko. Ɓera jikin bango yake bi, can za a ajiye, ba tsakiyar ɗaki ba. Manyan ɓeraye suna tsargar sabon abu, don haka a sa busasshen kifi ko ƙuli-ƙuli a bar tarkon ba a ɗana ba dare biyu ko uku, in sun saba a ɗana. Tarko biyar a dare ɗaya ya fi tarko ɗaya a wata. Kuma duk gidan a yi a mako guda, in ba haka ba daga wannan ɗaki zuwa wancan kawai ake kora. Katakon gam yana kamawa, amma ɓeran yana nan da rai yana fitsari a kai, wanda zai ɗauka shi ke cikin haɗari. Kyanwa tana taimakawa da ƙanana, ba ta iya gafiya.

Kashin ɓera ba a share shi a bushe, domin ƙurar ce ake shaƙa. A haɗa Hypo ko Jik kashi ɗaya da ruwa kashi tara, a yayyafa, a jira minti biyar, a kwashe da leda a hannu. Mushen ma haka, a binne shi da zurfi ko a ƙone. Yara masu farautar gafiya da ɓeran daji su gasa, a hana su. Garin da aka ga kashi a ciki a zubar. Ko a littafin Risala na fiƙihun Malikiyya, man da ɓera ya mutu a ciki in narkakke ne ba a ci.

## Shinkafar ɓera da bom

Gubar da ake tallarta a kasuwa cikin ƙullin leda ba suna ba takarda, ba wanda ya san abin da ke ciki. Wata baƙin gari ce mai warin tafarnuwa, tana kisa cikin sa'o'i, kuma ba ta da makari. Wata mai hana jini daskarewa ce, sai bayan kwana uku zuwa mako ɓeran ke mutuwa, ita asibiti suna da makarinta, bitamin K1. A ɗakin da yara ke rarrafe, kaji suna shiga, ana girki a ƙasa, shinkafar ɓera ta fi kusa da bakin yaro fiye da na ɓera. In dole sai an sa, a sayi mai lambar NAFDAC, a tura ta cikin guntun bututu ko gwangwani inda hannu ba ya kai, a faɗa wa kowace mata a gidan. Kada a taɓa kwaɓa ta a kwanon abinci. Kyanwar da ta ci mushen ma tana iya bi.

Ƙwayar nan da ake jefawa a buhu, wadda ake kira bom, ta fi duka haɗari ga ɗan haya. Da ta sha danshi take sakin iskar fosfin, kuma iskar tana fita daga buhu, tana ratsa tsagar bango zuwa ɗakin maƙwabci. An yi ta ne don sito da ba a kwana. Sa ta a buhun da ke ɗakin barci, ko tura ta ramin ɓera a cikin gida, ya kashe iyalai a ƙasashe da dama, yara ne kuma ke fara tafiya. Mai gidan da ke ajiye hatsi a ɗakin da ke manne da na 'yan haya, a tambaye shi kai tsaye ko ya sa. Sniper kuwa maganin ƙwarin gona ne, NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwa tun 2019, kuma ba ya maganin ɓera.

In yaro ya ci guba, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A ɗauke shi da ledar maganin a nufi asibiti, ko da yana wasa kamar ba abin da ya same shi, domin mai hana jini daskarewa ba ta nuna kanta a ranar farko.

## In zazzaɓi ya shigo gidan

Lassa tana ɗaukar kwana 2 zuwa 21 kafin ta bayyana, kuma farkonta ba ya bambanta da zazzaɓin cizon sauro ko taifot: zafin jiki, kasala, ciwon kai, ciwon maƙogwaro, amai. Zubar jini daga baya yake zuwa, wani ma ba ya zuwa. Zazzaɓin da aka sha maganin maleriya kwana biyu ko uku bai sauka ba, a gidan da ake fama da ɓera, a bar kemis a tafi Babban Asibitin Sabon Birni ko na Isa, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya maganar ɓeran da baki, domin shi ma ya kare kansa. Maganin ribabirin da ake bayarwa ya fi amfani in an fara shi a kwanakin farko. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka da ke ɗaukar jini a aika gwaji, kuma inda akwai sabis ana kiran hukumar NCDC kyauta a 6232. Mai jinya a gida ya ware wa majinyaci kofi da kwano, kada ya taɓa amai ko jini da hannu tsirara, sauran 'yan gidan kuma a sa musu ido har kwana 21.